Rabin albashina a hanyar Samaru yake ƙarewa: in ajiye aikin ko in daure?

Alli_da_Allo:
Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema, don Allah kada a mai da ita wasa. Koyarwa nake yi a wata makarantar kuɗi a Samaru, nan Zariya, gidanmu kuma yana cikin birni, wajen Ƙofar Gayan. Albashina dubu 50, kuma tun da aka cire tallafin mai sau ɗaya aka taɓa shi, shi ma ƙarin bai taka kara ya karya ba. Kullum sai na hau acaɓa zuwa Ƙofar Doka, in shiga keke napep zuwa PZ ko Kwangila, sannan in kama bas ɗin Samaru. Zuwa da dawowa ya haura dubu ɗaya, ban sha ko ruwan leda ba. In wata ya ƙare sai in ga kusan rabin albashin a hanya na bar shi. Ga iyali, ga yara biyu. In ajiye aikin in nemi wani abu a cikin gari, ko in ci gaba da daurewa? Waɗanda suka shiga irin wannan hali, yaya kuka yi?

Bazazzagi_Asali:
Wa alaikumus salam. Malam kada ka kuskura ka ajiye sai ka kama wani a hannu. Da babu gara ba daɗi.

Yar_Kwarbai:
Gara ba daɗin ina? Mutum ya fita tun asuba, ya dawo bayan la'asar, abin da ya rage masa bai kai dubu ɗaya a rana ba. Mai sayar da awara a ƙofar gidanmu ta fi haka samu, kuma ba ta taka ko bakin titi.

Dan_Kwangila:
Ni laifin masu keke da 'yan bas nake gani. Ranar da aka ƙara kuɗin mai, kafin azahar sun ninka kuɗin mota. A 2025 mai ya ɗan sauko ƙasa da dubu, wa ya ga sun rage ko naira hamsin? Abu in ya hau a ƙasar nan ba ya san hanyar saukowa. Tsoron Allah ne ya yi ƙaranci kawai.

Mai_Keke_Hanwa:
Yaya Dan_Kwangila, ka yi mana adalci. Ni keken nake ja, kuma ba nawa ba ne. Da na yi sallar asuba na murza maƙulli, bashi ne a wuyana: balans ɗin mai keke na nan, ko na yi aiki ko ban yi ba. Sannan in sha mai. Sannan tikiti. Ba a zo maganar baƙin mai ba, wanda dole ka juye shi a kai a kai in ba so kake inji ya buga ba, kuma kuɗinsa ya ninka ya sake ninkawa. Taya, birki, filogi, boris, duk da dala ake shigo da su, ita kuwa dala tun da aka sake ta a watan Yunin 2023 daga ɗari huɗu da wani abu sai da ta haura dubu ɗaya da ɗari biyar a 2024. Litar mai ta sauko da naira ɗari, to mai kayan gyara a Sabon Gari ya sauko ne?

Kuma abin da ba ku gani shi ne fasinjan ma ya ragu. Da safe da lokacin tashi daga aiki ne kawai ake lodi. Daga ƙarfe goma sha ɗaya zuwa biyu sai ka zaga daga Kwangila zuwa Palladan da mutum ɗaya a baya, kana ƙona mai a banza. In jami'ar Ahmadu Bello ta yi hutu kuwa, hanyar Samaru mutuwa take yi. Mutane ƙafa suke takawa yanzu. Ina ganinsu da safe, riga a goge, takalmi duk ƙura, in na yi musu hon sai su girgiza kai. Wallahi akwai ranar da bayan na cire balans da mai, abin da na kai gida bai sayi tiyar masara ba.

Dan_Kwangila:
To mun ji. Amma mutum huɗu a baya, biyu a gaba kusa da direba, shi ma dala ce ta jawo? Kuma ku daina cewa babu canji.

Mai_Keke_Hanwa:
In na ɗauki uku kamar yadda aka ƙera shi, kuɗin na huɗun a kanku zan raba. Ka zaɓa.

Mai_Lissafi:
Ku bar faɗa da juna, ku duka biyun abu ɗaya ne ke cin ku. Ga lissafi mai sauƙi. A 2011 mafi ƙarancin albashi dubu 18 ne, litar mai naira 65, wato albashin na sayen lita kusan 277. A 2019 Buhari ya sa hannu a dubu 30, lita tana 145, lita kusan 207 ke nan. A Yulin 2024 Tinubu ya sa hannu a dubu 70, zuwa Oktoban shekarar lita ta kai 1,030 a gidajen man NNPC na Abuja, wato lita 68. A takarda albashi ya ninka kusan sau huɗu daga 2011, a tankin babur kuwa ya koma kashi ɗaya cikin huɗu. Wannan ma na wanda aka biya shi dubu 70 ɗin ke nan. Malam Alli_da_Allo bai kai can ba.

Ummu_Tagwaye:
Innalillahi. Ni ban taɓa kallon abin ta nan ba.

Baba_Fansho:
'Ya'yana, ku bari tsoho ya sa baki. Lokacin da muka kama aiki, gwamnati ta san cewa zuwa wurin aikin ma ɗawainiya ce. Ƙaramin ma'aikaci ana ba shi bashin keke, na sama da shi bashin babur, manya bashin mota, a riƙa cira a albashi kaɗan-kaɗan, kuma ga alawus na abin hawa daban. Da safe hanyar Tudun Wada zuwa Sabon Gari kekuna ne zalla, Rali da Fonis, kowa ya ɗaure bakin wandonsa. Ma'aikatan reluwe kuwa kwatas ɗinsu na nan kusa da tasha, ma'aikatan jami'a su ma da yawansu a kwatas suke. Mutum bai san wani kuɗin mota ba.

Amma kada ku ɗauka ƙarin albashi shi kaɗai magani ne. Mun ga ƙarin albashin Udoji a 1975, aka biya ariyas, kowa ya sayi rediyo da babur, kafin shekara ta zagayo kasuwa ta cinye ƙarin. Cire tallafi ma ba yau aka fara ba. Abacha ya ƙara kuɗin mai a 1994 ya kafa asusun rarar man fetur na PTF, an ga magunguna da hanyoyi. Jonathan a Janairun 2012 ya kai lita daga 65 zuwa 141, aka yi zanga-zanga, ya dawo da ita 97. Bambancin na yanzu shi ne girman tsallen, kuma an haɗa shi da faɗuwar naira a lokaci guda. Ni yanzu in za ni tantancewar fansho sai na yi shiri kamar mai tafiya Hajji.

Bazazzagi_Asali:
Allah ya ƙara lafiya Baba. Mu dai labari muke ji.

Kwamared_Chikaji:
Malam, me ya sa za ka zauna a kan dubu 50? Doka ce fa. Jihar Kaduna ma dubu 72 Gwamna Uba Sani ya amince da shi, ya ɗara na tarayya. Ku haɗa kai ku malaman ku tunkari mai makarantar. Ƙungiyar ƙwadago ta NLC ta rufe ƙasar nan ranar 3 ga Yunin 2024, har wutar lantarki aka kashe, kafin a samu wannan kuɗi. Ba kyauta aka ba mu ba.

Mai_Lissafi:
Kwamared, dubu 72 na ma'aikatan gwamnatin jiha ne. Dokar tarayya kuma ta ware wuraren da ma'aikatansu ba su kai 25 ba, ba ta hau kansu. Ka ƙirga makarantun unguwa, kemis-kemis, shagunan POS, gidajen burodi, ƙananan asibitoci a Zariya, nawa ne ke da mutum 25? Mafi yawan masu fita da safen nan dokar ba ta san da zamansu ba. Haka dubu 35 da aka riƙa ba ma'aikatan tarayya na rage raɗaɗi daga ƙarshen 2023, mai gadi a shago bai gan shi ba.

Kwamared_Chikaji:
Ko ba doka ai akwai kunya.

Hajiya_Mai_Makaranta:
Tun ɗazu nake karantawa, na ce bari in yi magana kada a yanke mana hukunci ba mu nan. Ƙaramar makaranta gare ni, ba a Samaru ba, kada Malam ya ɗauka uwar ɗakinsa ce ta biyo shi zaure. Kuɗin makaranta shi ne albashin malamai, ba mu da wata rijiya. Iyayen yaran nan su ne dai ku: masu keke, ma'aikata, 'yan kasuwa. Na ƙara kuɗi kaɗan a zangon farko, yara suka zube, wasu aka mai da su makarantar gwamnati, wasu suna gida. Waɗanda suka rage, rabinsu sai ana gab da jarrabawa suke biya, shi ma da roƙo. Motar ɗaukar yara da muke da ita tana nan a fake, tayoyin sun sace, don in na ce iyaye su biya kuɗin man motar ba za su iya ba. Malamai biyu nagari sun tafi, ba don sun samu albashi mafi tsoka ba, don kawai sun samu kusa da gida. Yanzu in mutum ya kawo takardar neman aiki, kafin in duba sakamakonsa sai na tambaye shi a wace unguwa yake.

Yar_Kwarbai:
Hajiya ke kam kin yi bayani. Amma akwai masu makarantun da ke gina sabon bene kowace shekara, albashi kuwa sai ranar 10 ga wata. Kada a haɗa ku a kwano ɗaya, kada kuma a wanke su da ruwanki.

Alli_da_Allo:
Na gode Hajiya. Gaskiya mun yi magana da shugabar tamu, ba sau ɗaya ba. Ba ta yi mana wulaƙanci ba, cewa ta yi mu yi haƙuri zuwa sabuwar shekarar karatu. Sabuwar ta zo ta wuce. Mu kuma kwana biyar muke zuwa, ba mu da hutun Juma'a irin na ma'aikatan jiha masu aikin kwana huɗu a mako.

Anti_Nas:
Ku masu aikin safe ma da sauƙi. Mu masu aikin asibiti da ke canjin dare fa? Ka tashi aiki ƙarfe tara na dare a can bayan gari, babu bas, masu keke sun tashi, wanda ya rage sai ya ce shata. Mace ba za ki tsaya bakin titi kina ciniki da dare ba, duk abin da ya faɗa haka za ki biya. Abin da muka koma yi, mu huɗu da ke hanya ɗaya muka sami wani dattijo mai keke, muna biyansa a wata, yana zuwa ya kwashe mu. Ya fi araha nesa ba kusa ba, kuma hankalin maigida a kwance. Matsalar ita ce ranar da aka canza wa ɗaya jadawali, sai lissafin ya rushe. Wata abokiyar aikina kuwa haɗa dare biyu take yi ta kwana a can, ba don son aiki ba. Ga goyo tana da shi.

Sannan ku tuna marasa lafiya. Ana ba mutum ranar dawowa ganin likita, ba ya zuwa, sai ciwo ya ci ƙarfinsa a kawo shi ranga-ranga. In ka tambaya, kuɗin mota daga Giwa ko Soba, shi da mai rakiya.

Dan_Tsere:
Malam sayi keken hawa ka huta. Zariya ba tudu ba gangare, shimfiɗe take. Na Balgiyam mai giya ka samu, wata biyu na kuɗin motarka ya isa. Ni daga Gyallesu nake zuwa Sabon Gari da shi, tumbina ma ya tafi.

Dan_Kwangila:
Gyallesu zuwa Sabon Gari daban, Ƙofar Gayan zuwa Samaru daban. Ka san tsawon hanyar kuwa? Ya bi ta Kwangila cikin tireloli da tankokin mai, ya miƙe hanyar Sakkwato, ya isa aji jiƙe da gumi ya koyar da yara? Da damina fa? Lokacin hunturu kuma hazo bai bari direban tirela ya hango shi.

Dan_Tsere:
Ya tafi da riga a jaka ya canza. Kakanninmu har Kano suke zuwa a ƙafa.

Yar_Kwarbai:
Kakanninmu ba a sa musu jan biro a rajista in sun wuce bakwai da rabi. Kuma wannan shawarar ta maza ce zalla. Ni in na hau keke daga Kwarbai zuwa wurin aiki, kafin in dawo an kai ƙarata gidanmu. Mu mata ko dai mu biya, ko mu taka, ko mu zauna a gida. Da yawa zaman suka zaɓa. Ƙawayena da muka gama NCE tare, waɗanda ke koyarwa yanzu ba su kai rabi ba, sauran sun koma saida atamfa da turare a waya.

Sabon_Fata:
Jama'a a faɗi gaskiya, tallafin nan ba talaka ke cin sa ba. 'Yan fasa-ƙwauri ke kwashe man zuwa Nijar da Kamaru. Duk manyan 'yan takarar 2023 sun ce za su cire shi. Yanzu kuɗin da jihohi ke samu daga Abuja ya ƙaru sosai, ga matatar Dangote ta fara ba da fetur tun Satumbar 2024, layin mai ya ragu. A yi haƙuri, gyara sai da zafi.

Talaka_Bawan_Allah:
To kuɗin da ya ƙaru ɗin ina yake? A aljihun wa? Ka zo Muciya ka faɗi wannan maganar da bakinka. Kun manta abin da ya fito da mutane titi a Agustan 2024 har aka sa dokar hana fita a Kaduna da Zariya? Layin mai ya ragu don ba mai kuɗin saye, motoci na gida an lulluɓe su da tamfol. Nawa aka biya ka?

Sabon_Fata:
Ba wanda ya biya ni. Ni ma babur ɗina rabin lita nake zuba masa. Amma tambayar "ina kuɗin" gwamnoni da shugabannin ƙananan hukumomi za ka yi wa.

Mai_Unguwar_Zaure:
Talaka_Bawan_Allah, a janye maganar biya. Ba a zagi a zauren nan. Bawan Allah ya kawo damuwarsa, a koma kanta.

Injiniya_Basawa:
Tunda an taɓo gwamnati, bari in faɗi abin da na sani a kan gas. CNG, wato gas ɗin da ake sa wa abin hawa, ya fi fetur araha sosai, kuma keke ma ana juya injinsa ya koma shan gas. Cibiyar fasahar sufuri ta NITT da ke nan hanyar Basawa na cikin wuraren da ake aikin juyawa. Sai dai abu biyu: kuɗin kayan juyawar ba na mai biyan balans ba ne, sai in an tallafa, sannan kafin ka juya inji ka fara sanin inda za ka riƙa shan gas ɗin. Bututun AKK da zai kawo gas daga Ajaokuta ta Kaduna zuwa Kano, kilomita 614, tun 2020 aka fara shi. Ranar da gas ya wadata a gidajen mai, lissafin Mai_Keke_Hanwa zai canza. Kuma don Allah kada kowa ya kai wa mai walda tukunyar gas ɗin girki ya ce ya haɗa masa, ba iri ɗaya ba ne, fashewa take yi.

A 2025 kuma gwamnatin jiha ta fito da bas 100 masu gas, aka fara ɗaukar ma'aikata da ɗalibai da 'yan fansho kyauta.

Talaka_Bawan_Allah:
A cikin garin Kaduna aka fara. Mu ma a sa mana daga Ƙofar Doka zuwa Shika mu gani, ai mu ma 'yan jihar ne.

Mai_Keke_Hanwa:
Injiniya, in aka juya keken ma, mai shi ne zai fara ƙara balans. Na san halinsu. Kuma bas kyauta in ta zo hanyar Samaru, mu ina za mu sa kanmu?

Kawu_Jirgin_Safe:
Ni a Kaduna nake aiki, iyalina na Tudun Jukun. A da kullum nake zuwa in dawo, kilomita wajen 80 ne, mu da yawa muke haka, har mun san juna a tasha. Yanzu Litinin nake tafiya, in kwana a ɗakin wani ɗan'uwa, Alhamis da yamma in dawo. Abin da ya cece mu shi ne aikin kwana huɗu da El-Rufa'i ya kawo a Disambar 2021. Lokacin har gunaguni muka yi, ashe gata ne. Kwara da Edo ma da aka cire tallafi kwana uku suka mai da nasu na wani lokaci. Sai dai yaran sun fara zama baƙina. Ƙaramin in na dawo sai ya ɓuya bayan uwarsa.

Malam, ka yi tunanin komawa Samaru da zama?

Alli_da_Allo:
Na yi, Kawu. Gidan gado muke, ba na biyan haya. A Samaru kuwa ɗalibai sun tsadar da ɗaki, ko Hayin Dogo ko Bomo ka je, shekara guda ake nema a dunƙule, ga kuɗin dillali. Abin da zan rage a mota haya za ta cinye. Kuma mahaifiyata na gidan, ni ke duba ta.

Baba_Fansho:
To kada ka bar mahaifiyarka saboda dubu 50, ɗana.

Ummu_Tagwaye:
Ni wani abu na lura da shi. Da safe in ka tsaya a Kwangila, malamai ne ke tafiya Samaru daga birni, wasu malaman kuma na fitowa daga Samaru da Zango za su Tudun Wada da cikin gari. Kullum suna saɓani a hanya, kowa na biyan kuɗi don ya je unguwar ɗan'uwansa. Me zai hana a yi musanya? Masu makarantu suna da ƙungiya ai. Hajiya, ba za ku iya haɗa wannan ba?

Hajiya_Mai_Makaranta:
Shawara ce mai kyau, amma ba kamar canjin kuɗi ba ne. Mai lissafi ba zai maye gurbin mai Turanci ba, albashin ma ba ɗaya ba. Malam, wane darasi kake koyarwa?

Alli_da_Allo:
Lissafi da kimiyya, aji huɗu zuwa shida, Hajiya.

Hajiya_Mai_Makaranta:
Masu lissafi ba sa kwantai. Ka zaga makarantun cikin birni da takardunka kafin a koma hutu. Ko dubu 40 aka ba ka inda za ka taka da ƙafa, ka fi yanzu. Da yamma kuma ka tara yaran unguwa ka yi musu lesin.

Kwamared_Chikaji:
Kun gani ko? An fara da neman ƙari, an ƙare da shawarar ya karɓi ragi. Haka ake karya farashin malami, gobe wani ya zo a ce masa 35 tunda gidansa na bayan makaranta.

Yar_Kwarbai:
Kwamared, ƙa'ida ba ta tuƙa tuwo. In kana da inda ake ba da 72 ka turo masa adireshi.

Bazazzagi_Asali:
Ni dai ina nan kan bakata. Ya nemi na kusan yana kan aikinsa, kada ya rubuta takardar ajiyewa sai an ce masa ya zo ranar Litinin.

Mai_Keke_Hanwa:
Malam, kafin nan ka gwada dabarar Anti_Nas. In kun kai ku huɗu daga wajen Ƙofar Gayan ko Ƙofar Doka masu zuwa Samaru, akwai yaran da za su yarda da biyan wata, don mu ma mun fi son kuɗin da muka tabbatar da shi. Sharaɗi ɗaya, bakwai saura kwata kowa ya fito, ba a jiran mai shafa hoda.

Anti_Nas:
Ka ji shi. Mu ne ma ke jiran maza.

Alli_da_Allo:
Akwai mutum biyu da nake haɗuwa da su a hanya, ɗaya a wani kemis yake aiki, ɗayar kuma malama ce. Zan tuntuɓe su gobe in Allah ya kai mu. Akwai wani a zauren nan da ke fitowa daga birni zuwa Samaru ko Palladan da sassafe? Saura mutum ɗaya.

Dan_Tsere:
In ba ku samu ba, keken nawa na nan, zan ba ka aro ka gwada ranar Asabar.